Kaktus mai tauraro: yadda ake gane shi da yadda ake renonsa

A kudancin jihar Texas ta Amurka, da jihohin Tamaulipas da Nuevo León na Meziko, akwai wani ɗan tsiro da mutum zai iya takawa bai ankara ba. Shi ne kaktus mai tauraro, wanda masana ke kira Astrophytum asterias. Lafe yake da ƙasa a cikin tsakuwa, faɗinsa bai cika wuce tafin hannu ba, kuma ko ƙaya ɗaya ba shi da ita.

Jikinsa a tsage yake kamar lemon zaƙi da aka ɓare, galibi kashi takwas. A tsakiyar kowane kashi akwai jerin 'yan tuntayen gashi masu laushi kamar auduga, fatar kuma ta sha fararen ɗigo-ɗigo. Furensa rawaya ne mai jan ciki. Waɗannan 'yan tuntaye su ne shaidar dangin kaktus, daga cikinsu fure ke fitowa, haka ma ƙaya a kaktus masu ita. Ƙerana da tinya da muka sani a ƙasar Hausa ba su da su. Dangin Euphorbia ne, shi ya sa in an yanke su farin ruwa kamar nono ke tsattsafowa. A Afirka ta Kudu ma akwai Euphorbia obesa, wadda kamarta da wannan tsiro har ta ɓaci, amma ba su haɗa jini ba.

Tsagogin nan su ne abin da na fi so mai reno ya koyi karantawa. Aikinsu irin na zugazugin maƙeri ne: in ruwa ya samu, jikin ya buɗe ya cika fam, in fari ya yi tsawo, ya motse ya nutsa cikin ƙasa. Da rana yakan rufe ƙofofin numfashinsa, sai dare ya buɗe su, don kada zafi ya ƙafar da ajiyarsa.

Saboda haka yawan ban ruwa ne ke kashe shi. A sa shi a tukunya mai huji, a cikin yashi mai kauri da tsakuwa, da ƙasa 'yar kaɗan. A shayar da shi sosai, sannan a ƙyale shi har ƙasar ta bushe ƙayau. Da damina a janye shi ƙarƙashin rumfa, domin in saiwar ta ruɓe, kafin a gani a sama an makara. Hasken safiya ya ishe shi. Ranar tsaka kan ƙona fatarsa.

A dajinsa kuwa yana cikin matsi. Noma da sharar daji sun cinye wurarensa, masu haƙa suna kwasarsa, wasu ma bisa kuskure suna zaton wani kaktus ne mai kama da shi da ake kira peyote. A 1993 Amurka ta sa shi cikin tsirran da ke fuskantar ƙarewa, yarjejeniyar CITES kuma ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Alhali daga iri yana tsirowa cikin 'yan kwanaki, sai dai a jira shi shekaru kafin ya yi fure. Ta wannan hanya masu reno a Japan suka fitar da nau'in Super Kabuto, wanda fararen ɗigonsa suka kusa rufe koren jikinsa gaba ɗaya.