Ɗan Maɓallin Da Ke Daidaita Jirgin Ruwa

Duk wanda ya taɓa ganin ƙaramin jirgin ruwa mai gudu ya taso daga gaɓa, ya san yadda goshinsa kan miƙe sama, sa'an nan ya kwanta ya riƙa shafar ruwa. To, matuƙi ne ke daidaita wannan kwanciya da wani ɗan maɓalli da ke jikin hannun giya.

Irin jirgin da ake magana a kai shi ne wanda injinsa ke ciki, amma ƙafar da ke ɗauke da farfela tana waje, maƙale a bayan jirgi. Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ne ya fara fito da irin wannan ƙafa kasuwa cikin 1959, MerCruiser na Amurka ya biyo baya cikin 1961.

A tsofaffin MerCruiser, aikin ya yi kama da yadda tifa ke ɗaga bodinta. Da matuƙi ya danna maɓalli, sai wuta ta taso daga batir mai ƙarfin bolt 12 ta juya wani ɗan famfo. Famfon ya tura mai ta bututu zuwa silinda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su kuwa su tura ƙafar waje ko su jawo ta ciki. Wayar ɗagawa shuɗiya ce, ta saukarwa kuwa koriya, shi ya sa makanikai kan tuna su da launin sama da na ciyawa.

Idan za a tashi, akan jawo ƙafar ciki, farfela ta ɗaga bayan jirgi, goshi ya sauko. Idan gudu ya kankama, sai a tura ta waje kaɗan kaɗan, goshi ya ɗaga, jikin jirgi ya rage gogar ruwa, gudu ya ƙaru, shan mai ya ragu. Amma fa kome ya yi yawa ɓaci ya ke yi. In an zarce, jirgi ya dinga tsalle yana faɗuwa, farfela ta shaƙi iska. In kuma an bar ƙafar a ciki ana tsananin gudu, goshi ya nutsa ya fizge jirgin gefe, har ya iya wurgar da fasinja.

Akwai wani ɗan makunni a gindin ƙafar wanda ke yanke wuta idan ɗagawar ta kai iyaka. Da ya ke kullum yana cikin ruwa, yakan lalace a tsohon jirgi, wasu kuma su haɗe wayoyinsa don gudun kashe kuɗi. Nan ne haɗarin ya ke, domin idan ƙafar ta wuce iyaka inji yana gudu, mahaɗin da ke kai juyin inji zuwa farfela yakan ci kansa, robar da ta rufe shi ta tsage, ruwa ya sami hanyar shiga jirgi.

Saboda haka wajibi ne mai tsohon jirgi ya duba man famfo kafin ya tashi. In ya ga ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga ke nan. In ƙafar tana sauka da kanta, akwai yoyo a silinda ko a famfo. Gyaran da aka yi a gaɓa ya fi wanda za a nema a tsakiyar ruwa araha.