Kama Da Wane Ba Ta Wane: Ciwon Ƙafa Iri Biyu Da Ke Ruɗa Jama'a

Duk wanda ya san Minna, hedkwatar Jihar Neja, ya san sunan Tagwai, watau madatsar ruwan nan da aka gina a bayan gari cikin 1978, shekara biyu bayan kafa jihar, domin samar wa mutanen garin ruwan sha. Jama'ar da ke zaune kewaye da ita yawancinsu masu cin abinci da ƙarfinsu ne. Akwai manoma masu tada kunyar doya da garma, akwai masunta, akwai kuma matan Gbagyi da aka sani da ɗaukar kaya a kafaɗa zuwa kasuwa. Ga irin waɗannan mutane ƙafa ita ce jari, ranar da ta ƙi tafiya kuwa, ranar tukunya ba ta hau murhu ba.

A Hausa, tagwai su ne 'ya'ya biyu da aka haifa ciki ɗaya, waɗanda sau da yawa baƙo ba ya iya rarrabe su sai uwarsu. To, akwai wasu ciwon ƙafa guda biyu da suka yi irin wannan kama, ko da yake ba ciki ɗaya suka fito ba. Na farko daga gadon baya yake tasowa, likitoci na kiransa sayatika. Na biyu kuwa ɓarna ce da ciwon sukari ke yi wa jijiyoyin ƙafa. Jama'a sukan haɗa su gaba ɗaya su ce sanyi ne, ko amosanin ƙashi, wasu ma su ce sammu aka taka. Rarrabe su yana da muhimmanci ƙwarai, gama na farko yakan warke da kansa ga yawancin mutane, na biyu kuwa idan aka yi masa sakaci yana iya kai wa ga yanke ƙafa.

Jijiyar Da Ta Fi Kowace Girma

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa da yawa. Akwai jijiyar jini, akwai wadda ke ɗaure nama da ƙashi, akwai kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, kamar yadda wayar tarho ke kai magana. Wannan ta ƙarshe ita ake nufi a nan.

A cikin irin waɗannan jijiyoyi babu wadda ta kai ta sayatika girma. Saiwoyinta biyar ne, suna fitowa daga ƙasan gadon baya, su haɗu su zama igiya ɗaya mai kaurin babban yatsa. Daga nan ta ratsa ta cikin mazaunai, ta gangara ta bayan cinya, ta rabu biyu a wajen gwiwa, rassanta su kai har tafin ƙafa da 'yan yatsu. Tsakanin kowane ƙashin baya da ɗan'uwansa akwai wani faifan guringuntsi mai taushi a ciki, wanda ke hana su gogar juna. Idan faifan nan ya tsage, cikinsa ya bulluƙo ya danne ɗaya daga cikin saiwoyin, sai mutum ya ji ciwo a duk inda jijiyar ta bi, alhali kuwa ita ƙafar lafiyarta ƙalau.

Wani likitan Italiya, Domenico Cotugno, ya yi cikakken bayanin wannan ciwo tun 1764. Amma sai cikin 1934 wasu likitoci biyu na Amurka, Mixter da Barr, suka tabbatar da cewa faifan guringuntsi ne yakan jawo shi. An san cewa misalin kashi 90 cikin 100 na masu sayatika wannan ne sanadinsu. Yawan duƙawa, da ɗaga kaya masu nauyi a karkace, da daɗewa a zaune kan babur ko mota bisa hanya mai gargada, duk suna cikin abubuwan da ke taimaka masa. Akwai kuma wani sanadi da aka sani a ƙasar nan, watau allurar da wanda bai ƙware ba ya yi a mazaunai, ta sami jijiyar, musamman ga yara.

Ɓarnar Sukari

Ciwon sukari kuwa ba danne jijiya yake yi ba. Sukarin da ya yi yawa a cikin jini shekara da shekaru yana lalata jijiyar da kanta, yana kuma toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Jijiyoyin da suka fi tsawo su ke fara gazawa, kamar yadda gidan da ke ƙarshen layin famfo shi ke fara rasa ruwa. Shi ya sa ɓarnar ke farawa daga 'yan yatsun ƙafa, ta hau sannu a hankali zuwa idon sawu da ƙwauri, kamar mai sanya safa. In ta kai wajen gwiwa, sai ta soma taɓa 'yan yatsun hannu. Kusan rabin masu ciwon sukari sukan gamu da wannan a rayuwarsu.

Ciwon sukari kuma sai yaɗuwa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shi sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. A Nijeriya, binciken da aka yi a faɗin ƙasa cikin 1992 ya sami kashi 2.2 cikin 100. Wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka buga cikin 2018 ya kai lissafin kusan kashi 5.8 cikin 100. Da yawa daga cikin waɗannan mutane ba su san suna da shi ba, har akan sami wanda zafin ƙafa ne farkon abin da ya kai shi asibiti.

Tambayoyi Biyar

Mai fama da ciwon ƙafa yana iya yi wa kansa tambayoyi biyar tun kafin ya ga likita.

Ta farko, ƙafa ɗaya ce ko biyu? Sayatika yawanci ƙafa ɗaya take kamawa. Ɓarnar sukari kuwa duka biyun take ci, kusan daidai da daidai.

Ta biyu, daga ina ciwon ya taso? Na sayatika daga sama yake gangarowa, daga kwankwaso ko mazaunai, ya bi bayan cinya ya wuce gwiwa, har mutum yana iya nuna hanyarsa da yatsa. Na sukari daga ƙasa yake hawowa, kuma ba shi da layi, ya mamaye ƙafar ne gaba ɗaya.

Ta uku, yaya ake jinsa? Mai sayatika yakan ji fizga mai kaifi, irin wadda masunci ke ji idan ya taɓa minjirya. Mai sukari yakan ji zafi kamar an shafa masa barkono a tafin ƙafa, ko tsikari kamar kiyashi na tafiya, ko kuwa ƙafar ta mutu ya ji kamar bisa auduga yake takawa. Wani takalmi zai sulluɓe masa a hanya bai sani ba.

Ta huɗu, me ke tada shi? Tari, atishawa, yunƙuri a bayan gida, duƙawa da daɗewa a zaune duk suna tada sayatika, sauya kwanciya kuma yakan kawo sauƙi. Na sukari babu ruwansa da motsi. Da dare yake tsananta, har shafar mayafi ma takan dami mai shi.

Ta biyar, yaya ya fara? Mai sayatika sau da yawa yana iya faɗin ranar, ya ce ranar da ya ɗaga buhu ne, ko ranar da ya wuni yana huɗa. Mai sukari ba ya iya faɗi, gama abin ya shigo ne a hankali cikin watanni ko shekaru. Idan aka haɗa da yawan ƙishirwa, da yawan fitsari, da rama ba dalili, to, zato ya ƙara ƙarfi.

Amma fa a lura, mutum ɗaya yana iya samun duka biyun. Haka kuma akwai wata ɓarnar sukari da ba ta cika faruwa ba, wadda ke kama cinya ɗaya ta gaba da ciwo mai tsanani, naman ya zube, mutum ya kasa tashi daga zaune. Ban da wannan, kuturta, da barasa, da ƙarancin bitamin B12, da wani daga cikin magungunan tarin fuka, duk suna kashe jijiyoyin ƙafa. Wanda kuma sharaɓarsa ke ciwo in ya yi tafiya, ya daina da ya tsaya, mai yiwuwa ne hanyar jini ce ta ƙuntata. Saboda haka tambayoyin nan jagora ne kawai, hukunci na likita ne.

Abin Da Likita Zai Yi

Awon farko ba ya bukatar na'ura. Za a kwantar da mutum rigingine, likita ya ɗaga ƙafarsa a miƙe. Idan fizgar ta taso ta wuce gwiwa sa'ad da ƙafar ke tsakanin digiri 30 da 70, wannan alamar sayatika ce. Don gane ɓarnar sukari kuwa, akan taɓa wurare dabam dabam a tafin ƙafa da wani siririn zaren roba mai dannawa da nauyin giram 10, mutum idonsa a rufe, a ga ko zai ji. Akan kuma ɗora wani ƙarfe mai kaɗawa a kan babban yatsa.

Sa'an nan sai awon jini, wanda ɗigo ɗaya daga yatsa ya isa. Idan mutum ya kwana bai ci kome ba, aka sami 126 ko fiye a ma'aunin miligiram, watau 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka sake aka sami haka, to, ciwon sukari ya tabbata. Ana yin wannan awo a Babban Asibitin Minna, da Asibitin Ƙwararru na Ibrahim Badamasi Babangida, da asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Bida. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifan guringuntsi, sai hoton na'urar maganaɗisu da ake kira MRI, shi ma ba kowa ke bukatarsa ba. Waɗanda al'amarinsu ya kai ga aiki akan tura su manyan asibitoci irin na ƙashi da ke Dala a Kano.

Inda Ake Yin Asara

Yawancin masu sayatika sukan sami sauƙi cikin mako huɗu zuwa shida. Likitoci sun daina ba da shawarar doguwar kwanciya, sun fi son mutum ya riƙa 'yar tafiya gwargwadon ikonsa, ya bar ɗaukar nauyi. To, da yake ciwon yakan tafi da kansa, duk abin da aka yi masa a tsakanin nan, ko ƙaho ne ko tsaga ko gashi, shi ke samun yabo. Daga nan sai maƙwabci mai sukari ya ji labari, shi ma ya kai ƙafarsa.

Nan ne haɗarin yake. Ƙafar da ta mutu ba ta jin zafin ruwan gashi, ba ta jin garwashin kasko a lokacin hunturu, ba ta jin ƙaya ko ƙusa. Tsagar aska ko sakiya a irin wannan ƙafa takan zama gyambo, gama sukari yana hana rauni warkewa. Gyambo ya ruɓe, ruɓa ta kai ƙashi, sai a wayi gari babu abin da ya rage sai zarto. Mafi yawan ƙafafun da ake yanke wa masu sukari da ɗan ƙaramin rauni abin ya faro.

Maganin kemis ma yana da nasa. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen ba su cika taɓa zafin jijiyar sukari ba, kuma daɗewa ana shansu yana cutar da ƙoda, wadda dama sukari ya riga ya sa wa ido. Irin su prednisolone da dexamethasone, da akan cusa cikin haɗin ƙwayoyin ciwon jiki, suna tada sukari sama. Akwai magungunan da aka tanada domin zafin jijiya, kamar amitriptyline da pregabalin, amma likita ne ke rubuta su. Su ma zafi kawai suke ragewa. Abin da ke rage gudun ɓarnar shi ne riƙe sukari daidai ta hanyar abinci, da motsa jiki, da shan magani a kan ƙa'ida.

Alamun Da Ba A Kwana Da Su

Mai ciwon baya da ƙafa wanda fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suka riƙa kufce masa, ko matsematsinsa ya mutu, ko ƙafa ta soma ja ba ya iya ɗaga ta, asibiti ya kamace shi a ranar, gama jinkiri yana iya barin sa da naƙasa. Haka nan ciwon baya mai haɗe da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. Ga mai sukari kuwa, duk wani rauni a ƙafa, ko kumburi, ko wari, ko yatsan da ya sauya launi, ba abin jira ba ne ko da ba ya ciwo. Rashin ciwon nan ma shi ne babbar alamar.

Sauran aikin na kullum ne, kuma ba ya cin kuɗi. Musulmi yana taɓa ƙafarsa wajen alwala sau da yawa a yini, sai mai sukari ya mai da wannan lokacin duba ta, ya leƙa tsakanin 'yan yatsu, ya tsane su sarai. Wanda idonsa ya yi rauni ya sa ɗa ko jika ya duba masa. A gwada zafin ruwa da gwiwar hannu kafin a tsoma ƙafa. A shafa mai a dunduniya saboda faso da kaushi, kada a kankare su da reza. A zazzage takalmi kafin a sa, kada kuma a shiga gona ko bakin ruwa ba takalmi. Sau ɗaya a shekara a kai ƙafar likita ya auna jinta.

Manomin da ke bakin Tagwai ba ya shuka sai ya san irin da ke hannunsa. Haka ya kamata a yi da ciwon ƙafa, a san wanne ne kafin a nemi magani. Kuɗin awon sukari bai kai na ƙwaryar doya ba, wanda kuwa ya haura shekara arba'in yana jin zafi ko mutuwa a tafin ƙafafunsa biyu, wannan awo ne ya kamata ya zama farkon abin da zai kashe wa kuɗi.