Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Ina Ajin Dattawan Jimeta?

Bisa ƙa'idar aikin Gwamnati a Nijeriya, yawancin ma'aikata sukan ajiye aiki idan sun cika shekara 60 da haihuwa, ko kuwa shekara 35 suna aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ran da mutum ya bar ofis akan yi masa liyafa, a yi jawabai na yabo, sa'an nan a shiga maganar fensho da garatuti. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, da me zai cika kwanakinsa cikin shekara 15 ko 20 da Allah zai iya ƙara masa, kuma wa zai koya masa zama cikin duniyar da ta sake kama tun bai bar kujerarsa ba?

Wannan tambaya ta shafi ko'ina cikin ƙasar nan, domin waɗanda suka kai shekara 60 sun tasam ma kashi 5 cikin 100 na jama'ar Nijeriya, watau miliyoyin mutane ke nan. Amma a Jimeta tana da wani nauyi na musamman. Garin ya bunƙasa ne a bakin kogin Binuwai da jiragen ruwa da ciniki. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola cikin 1976, Yola ta zama hedkwata, sai ofisoshi suka cika Jimeta, samari da 'yan mata suka kwararo daga Mubi da Numan da Ganye da sauran wurare don kama aiki. Waɗannan samari na 1976 su ne dattawan yau. A Ajiya, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, da maƙwabtanta irin su Limawa da Alƙalawa da Gwadabawa, akwai tsofaffin malaman makaranta da malaman asibiti da akawuna da direbobi, ga kuma 'yan kasuwa da masu sana'a waɗanda ƙarfi ya fara ja musu baya. Da yawansu sun iya karatu da rubutu. Ajin da suke bukata ba na a, ba, ca ba ne.

ABIN DA RASHIN AJIN KE JAWOWA

Wanda yake shakkar wannan bukata sai ya tuna da farkon 2023. Cikin Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin takardu ran 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a, ciniki ya koma ta waya. Yaro ɗan shekara 15 yana tura kuɗi cikin ƙiftawar ido, amma dattijon da ya yi shekara 30 yana riƙe da littafin kuɗin ofis sai ya tsaya a layi cikin zafin Yola, ko kuwa ya miƙa katinsa da lambar sirrinsa ga wanda bai sani ba.

Tun kafin wannan ma an shigo da lambar tantance masu ajiya a banki cikin 2014, sa'an nan a ƙarshen 2020 aka umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar zama ɗan ƙasa. Kowane sabon tsari yana zuwa da 'yan damfararsa. Sukan kira mutum su ce daga banki suke, su ambaci sunansa, su ce za a rufe asusunsa in bai faɗi lambobin da aka aiko masa ba. Maganin wannan kuwa darasi ne na minti goma, watau banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri. Sai dai darasin yana bukatar wanda zai zaunar da dattijo ya koya masa cikin girmamawa, ya bar shi ya danna da hannunsa har ya iya. 'Ya'ya da jikoki kuwa sau da yawa sukan karɓe wayar su yi abin da kansu, don ya fi musu sauri, tsoho ya tashi yadda ya zauna.

Haka al'amarin yake wajen lafiya. Hawan jini da ciwon sukari sukan daɗe cikin jiki ba su nuna alama ba, har sai sun taɓa ido ko ƙoda, ko sun jawo shanyewar ɓarin jiki. Mutane da yawa sukan daina shan maganin hawan jini da zarar sun ji sauƙi, alhali kuwa magani ne da ba a barinsa sai da izinin likita. Har ila yau, wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya lissafa abubuwa 14 cikin rahotonsa na 2024, waɗanda ya ce in an magance su ana iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa. Cikinsu akwai hawan jini da ciwon sukari da raunin ji da rashin motsa jiki da kaɗaici. Ashe ke nan ajin da zai fito da dattijo daga ɗaka sau biyu a mako, ya taka da ƙafarsa, ya yi muhawara da tsararsa, shi kansa wani magani ne.

BA BAƘON ABU BA NE

Kada mai karatu ya ɗauka cewa karatun tsofaffi wata al'ada ce ta Turawa. Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola cikin 1841, garin ya zama matattarar malamai, har manyan masana irin su Modibbo Raji suka taso daga ƙasar Gwandu suka zauna a nan. A makarantar zaure ba a tambayar shekarun ɗalibi, ba a yaye shi don ya yi furfura. Mutum yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, in Allah ya ba shi tsawon rai ya kai Muhtasar, ya haɗa da nahawu da tauhidi da manɗiƙi, watau ilmin auna hujja. Abin da 'yan boko ke kira falsafa, wani sashe nasa ya daɗe a kan buzu.

Mata ma ba a bar su baya ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru a ƙasar Sakkwato. Takan naɗa wa mace mai hankali da natsuwa malfa ta zama jaji, ita kuwa ta jagoranci mata daga ƙauye su zo ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida. Da yake matan aure ba su cika tafiya ba, dattijai mata ne ƙashin bayan wannan tsari. A ɓangaren Kirista kuma, ƙungiyoyin zumuntar mata da azuzuwan nazarin Littafi Mai Tsarki sun daɗe suna tara manya a majami'un Adamawa.

A fannin boko, Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa. Hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna don sababbin masu karatu, Lardin Adamawa ya sami tasa mai suna Ardo, kafin a rufe hukumar cikin 1959. Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya cikin 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙaddamar da gangamin koyar da karatu na ƙasa baki ɗaya ran 8 ga Satumba 1982, sa'an nan cikin 1990 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da ilmin manya. Duk waɗannan sun yi aiki abin yabo. Amma manufarsu ta farko ita ce mutum ya iya karanta wasiƙa, ya sa hannu, ya yi lissafi. Da ya karɓi takardar shaida, sai a ɗauka an gama da shi. Nan ne giɓin yake.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Cikin 1973 wani malamin Jami'ar Tulus ta ƙasar Faransa, Farfesa Pierre Vellas, ya buɗe ƙofar jami'a ga masu ritaya, aka kira abin Jami'ar Zango na Uku na rayuwa, watau bayan zangon ƙuruciya da zangon aiki. Ana koya musu tarihi da adabi da kula da lafiya, ana kuma sa su motsa jiki. Da tsarin ya isa Ingila cikin 1982 sai aka sake masa fasali. Maimakon a jira malaman jami'a, dattawan da kansu suke koyar da juna, wanda ya koyar yau gobe shi ne ɗalibi, babu jarrabawa, babu takardar shaida, sai ɗan kuɗin ƙungiya. Ƙasar Sin kuma ta buɗe jami'ar tsofaffi ta farko a lardin Shandong cikin 1983, yanzu tana da dubban irinta, inda ake koyon zane da kiɗa da rubutun hannu da sarrafa waya.

Misalai na kusa ma ba su ɓuya ba. A Kenya, Kimani Maruge ya shiga aji ɗaya na firamare cikin 2004 yana da shekara 84. Janar Olusegun Obasanjo ya karɓi digirin digirgir a jami'ar karatu daga gida, wadda aka fi sani da NOUN, cikin Janairu 2018 yana da shekara 80. Alhaji Atiku Abubakar, ɗan Adamawa, ya kammala digiri na biyu kan hulɗar ƙasashe a wata jami'ar Ingila cikin 2021, bayan ya haye shekara 70. To, amma waɗannan masu hali ne ko masu sa'a. Maganar ita ce ta tsohon masinja da tsohuwar unguwarzoma.

KAYAN AIKI NA NAN

In aka duba da kyau, babu abin da tsarin Ingila yake bukata wanda Yola da Jimeta ba su da shi. Akwai Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa cikin 1981 a matsayin jami'ar fasaha, da asibitin koyarwarta. Akwai Jami'ar Amurka ta Nijeriya, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha, da cibiyar NOUN. Akwai gidajen rediyo irin su ABC Yola da Gotel da Fombina. Azuzuwan makarantun firamare kuwa fayau suke bayan La'asar da ranakun Asabar. Ta fuskar doka ma, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa cikin Janairu 2018, cibiyar ta fara aiki cikin 2021, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya.

Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan wuri guda. Mazaɓa kamar Ajiya tana iya farawa da aji ɗaya na mutum 20 ko 25, maza daban mata daban in haka ya fi dacewa, da Hausa ko Fulatanci. Ɗaliban kwamfuta su zo su koyar da waya, ɗalibi ɗaya ga dattawa biyu ko uku. Tsohuwar malamar asibiti ta koyar da awon jini da abincin mai ciwon sukari. Tsohon alƙali ko lauya ya yi bayanin wasiyya da takardun fili. Malamin zaure da malamin jami'a su zauna da dattawa a tattauna ma'anar adalci da haƙuri da amana.

Ta wajen fasaha da al'adu kuwa, dattawan su ne malamai. A cikin kawunansu akwai waƙoƙin Fulfulde da aka rubuta da ajami, da tarihin Bata da Bachama da Chamba da Kilba da Margi, da sanin saƙa da ƙira da zanen ƙwarya. Duniya ta san darajar wannan gado, shi ya sa hukumar UNESCO ta sa Sukur ta ƙasar Madagali cikin wuraren tarihi na duniya cikin 1999. Jikan da ya koya wa kakarsa ɗaukar murya da waya, ita kuma ta ba shi labarin da ba ya cikin kowane littafi, kowa ya ci riba. Da tsohuwar zuma ake magani.

MASU CEWA BA YANZU BA

Akwai masu ganin cewa ƙasar da miliyoyin yaranta ba sa zuwa makaranta, jihar da rikicin Boko Haram ya tarwatsa makarantunta na arewa cikin 2014, ba ta da rarar kuɗin da za ta kashe kan masu furfura. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba wanda zai ce a ɗebi kuɗin firamare a ba tsofaffi. Amma irin ajin da ake magana ba ya bukatar sabon gini ko sabon albashi, sai ɗaki da alli da mai tsara lokaci. Bugu da ƙari, a gidaje da yawa kaka ce ke renon yara, kakan ne ke yanke shawarar ko yarinya za ta ci gaba da karatu, ko a kai jariri rigakafi. Wanda ya ilmantar da su ya taɓa gidan gaba ɗaya.

Wata matsalar ita ce kunya. Dattijon da unguwa ke girmamawa ba zai so a gan shi yana lalube gaban sa'an jikansa ba. Shi ya sa ya kamata a kauce wa jarrabawa da jeranta na ɗaya da na kutal, a kuma ba kowane ɗalibi ranar da shi ma zai koyar da abin da ya sani. Masu unguwanni da limamai da shugabannin majami'u da ƙungiyar 'yan fensho su ne za su iya jawo mutane, domin in mai unguwa ya zauna a sahun gaba da littafinsa, sauran ba za su ji nauyi ba.

Saboda haka ƙalubalen yana kan hukumar ilmin manya ta Jihar Adamawa da Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa da manyan makarantun da ke kewaye. Kowace shekara ana bikin ranar yaƙi da jahilci ran 8 ga Satumba, ana kuma bikin ranar tsofaffi ran 1 ga Oktoba. Tsakanin ranakun nan biyu kwana 23 ne kacal, kuma sun isa a sami ɗaki, a rubuta sunaye, a buɗe ajin farko.