Hawan Tudu Bayan Ritaya: Abin da Muka Koya a Ƙasar Dingyaɗi

Akwai wata cuta da ke kama dattawanmu ba tare da zazzaɓi ba, sunanta zama. Ma'aikacin gwamnati yakan ajiye aiki in ya cika shekara 60, ko ya yi shekara 35 yana aiki. Daga ranar sai tabarma da rediyo a ƙofar gida. Mu ma haka muka yi. Bayan shekarun da muka kwashe muna yawon aiki gari gari, sai ga shi ƙafa ta yi nauyi, likita kuma ya ce jini ya hau.

Abin da ya tashe mu wani ɗan tudu ne a wajen Dingyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga. Wanda ya taɓa bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Boɗinga da Shagari ya san irin wannan ƙasa: fili shimfiɗe, yashi da gonakin gero, sai can ka hango tudu mai shimfiɗaɗɗen kai. Jar marmara ce ta rufe kansa, shi ya sa ruwa da iska suka cinye ƙasar gefe suka bar shi tsaye. Ba kamar Dutsen Dala na Kano ba, nan babu matakala. Sabara ce da kalgo da tsakuwa, da ƙarangiya mai kama wando.

Ranar farko ba mu kai rabi ba. Muka zauna muna haki, wani yaro mai kiwon awaki ya wuce mu yana cewa, "Sannu Baba, a bi a hankali." Ba mu ji haushi ba, gama gaskiya ya faɗa. Muka yi ta komawa sau uku a mako. Kafin wata biyu muka tsaya a bisa, muna kallon rumbuna da hayaƙin gidaje. A wannan ƙasa Sifawa take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Mutanen wancan zamani da ƙafa da jaki suke ratsa wannan fili.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce babba, har da wanda ya wuce shekara 65, ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako. Minti 30 a rana, kwana biyar, ya kai ka. Hawa yana sa zuciya aiki fiye da tafiya a fili, yana kuma ƙarfafa cinya, wadda ita ce ke hana tsoho faɗuwa.

Amma fa a kiyaye. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya fara ganin likita. A fita da asuba, domin a watan Afrilu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. A ɗauki gorar ruwa da sanda, a sa takalmi mai rufi saboda ƙaya da maciji. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, a sauko sannu. In ƙirji ya ɗaure ko jiri ya zo, a tsaya nan take. Kada a tafi shi kaɗai, a gaida mai gari, a tambayi mutanen wurin halin da daji ke ciki, kada kuma a taka shukar mutane.

Dattawa, maza da mata, ba sai kun zo Dingyaɗi ba. Kowane gari yana da tudunsa. Ku nemi aboki ɗaya ko biyu ku sa rana. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.