RUMBUN TSIMI: YADDA MUTANEN MARAƊI KE TARE YUNWAR DAMINA

Maigida da uwargida, ku saurara. Kowane manomi ya san watannin nan da ke tsakanin shuka da fitowar sabon gero, watau daga Yuni zuwa Satumba. Gona ta yi kore shar, amma rumbu ya yi ƙasa. A lokacin ne aiki ya fi yawa, a lokacin ne kuma abinci ya fi ƙaranci. Mu da ke aiki a ɗakin shan magani mun san waɗannan watanni, gama a cikinsu ne ake cika mana benci da yara masu tamowa. Zazzaɓin sauro da gudawa su ma a lokacin suke ƙaruwa, sai su tarad da yaro da yunwa a jikinsa, su kayar da shi.

To, maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun daɗe suna fama da wannan abu kamar yadda muke yi. Akwai wata dabara da suka riƙa, wadda suke kira rumbun tsimi, wasu kuma su ce bankin hatsi. Ga labarinta, da amfaninta, da inda takan lalace, domin ku duba ko za ta yi a garinku.

INA HATSIN KE TAFIYA?

Sau da yawa yunwar damina ba don gona ta ƙi ba ne. Da kaka kowa na da hatsi, kowa kuma na bukatar kuɗi, ga biki, ga bashi, ga tufafin yara. Sai kowa ya kai kasuwa a lokaci guda, hatsi ya yi araha. 'Yan kasuwa su saya su tara. In damina ta zo, hatsin nan da ya fita daga garinku shi ne zai komo muku, amma da tsada. Wanda ba shi da kuɗi sai ya ci falle, watau ya karɓi bashi yanzu ya biya da dammuna in an yi girbi. Ko kuwa ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don ya samo tiya ɗaya ta ranar. Gonarsa ta yi ciyawa, amfaninta ya ragu, baɗi kuma rumbunsa ya ƙare tun da wuri. Haka abin ke zagayawa shekara da shekaru.

ABIN DA YA FARU A MARAƊI

Ajiyar hatsi don gudun yunwa ba sabon abu ba ne. Kakanninmu da suka ga yunwar Kakalaba ta 1914 sun san darajar tsohon dami. Bayan yunwar 1931 Turawan Faransa sun tilasta wa mutanen Nijar yin rumbunan ajiya, amma da yake dole ce aka yi musu, mutane ba su so abin ba. A 1970 gwamnatin Nijar ta kafa hukumar OPVN mai ajiye hatsin ƙasa, tana fitarwa da rahusa in an shiga matsi. Sai dai ɗakunan ajiyarta suna cikin manyan garuruwa, mutumin ƙauye kuwa kafin hatsin ya iso gare shi ya sha wuya. Bayan babban farin 1973 da 1974 aka fara kafa rumbunan tsimi na ƙauye a Burkina Faso, daga nan suka bazu zuwa Nijar da sauran ƙasashen bakin hamada.

A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a Nijar, fara kuma ta sauka. Da daminar 2005 ta zo, akwai gero a kasuwannin Maraɗi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Ku lura, Maraɗi ƙasar noma ce, ita ke ciyad da wasu jihohi. Wannan ya nuna wa kowa cewa gari yana iya noma hatsi da yawa, 'ya'yansa kuma su mutu da yunwa, muddin hatsin bai zauna a garin ba.

Bayan haka sai asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau IFAD, ya taimaka aka kafa rumbunan tsimi a ƙauyukan Maraɗi, aka danƙa su a hannun mata. Matan can dama sun saba da riƙon amana tare, gama tun 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a Maraɗi, inda mata ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan kowane mako suna ranta wa junansu. Dalilin ba mata rumbun a fili yake. Mace ce ke auna tsaba kullum, ita ta fara sanin ranar da rumbu zai ƙare. Kuma in rani ya yi, maza da yawa sukan tafi cin rani, mata ke zaune a gari.

YADDA RUMBUN KE AIKI

Da kaka, sa'ad da hatsi ke da araha, ake cika rumbun. A kulle shi, ba mai taɓawa duk rani. Sai an yi shuka, abinci ya fara yankewa, sa'an nan a tara jama'a a buɗe. Kowane gida ya sami rabonsa a cikin gari, ba tafiya kasuwa mai nisa, ba barin gona. In an yi girbi a sake cikawa.

Hanya biyu ake bi wajen fitarwa. Wasu garuruwa sukan sayar, a kan kuɗin da ya ɗara na saye kaɗan amma bai kai na kasuwa ba. Wasu kuma sukan ranta, a biya da hatsi in kaka ta yi. Inda ake ranta da ƙari a kai, to maganar riba ta shigo, lalle ku zauna da malaman garinku su duba tun kafin a fara. Sayarwa dai ba ta da wannan shakka.

Kada ku ce sai wata ƙungiya ta kawo muku jari. Ga misali. A ce garinku gida 60 ne, kowane gida ya kawo tiya 10 da kaka. An sami tiya 600 ke nan. Tiya 40 ke cika babban buhu mai kilo 100, watau kun tara buhu 15. Tiya 10 da kaka ba za ta girgiza gida ba, sau da yawa abin da ake ɓatarwa a biki ɗaya ya fi haka. Amma a watan Agusta tiya 10 ita ce ke tsare maigida a gonarsa har ya gama maimai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA KE KASHE RUMBU

Gaskiya ita ce rumbunan tsimi da yawa a Nijar da Burkina Faso sun mutu bayan 'yan shekaru kaɗan. Abu huɗu ne suka fi kashe su: bashin da ba a biya ba, da hannun masu riƙo, da sayarwa ƙasa da kuɗin saye don jin kunya, da lalacewar hatsi a ajiya. Saboda haka ku riƙe waɗannan:

1. Jama'a su zaɓi masu riƙo a bainar kowa, mata su kasance a ciki da yawa.
2. A sa kwaɗo biyu ko uku a ƙofa, kowane mabuɗi a hannun mutum dabam.
3. A rubuta kowace tiya da ta shiga da wadda ta fita, a karanta wa jama'a littafin kowane wata.
4. A yanke iyakar abin da gida ɗaya zai ɗauka, don kada mai kuɗi ya kwashe ya kai kasuwa.
5. Mai unguwa da ɗan uwan mai riƙo su biya kamar kowa. In babba ya ƙi biya, ƙarami ma ba zai biya ba.

Rumbun tsimi kuma ba ya ɗauke zakka, ba ya ɗauke taimakon gwauruwa da maraya. A ware musu nasu dabam, kada a haɗa shi da jarin rumbu.

YADDA ZA A ADANA

Hatsi ya bushe sarai kafin a zuba a buhu. Ku ciza ƙwaya, in ta fashe ƙaras, ta bushe. A jera buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, saboda danshi da gara. A toshe ramukan ɓeraye, a duba rufi kafin ruwan farko. Gero a zangarniyarsa ya fi daɗewa bisa ga wanda aka sussuka.

Wake shi ƙwari suka fi so. Akwai buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Leda biyu ne a ciki, buhu a waje. A ɗaure kowanne dabam, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an sa magani ba. Kada ku kuskura ku zuba maganin feshin gona a kan abin da mutane za su ci, ya sha kashe gida guda. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kuwa a zubar. Fumfunar tana da dafi mai lalata hanta, dafuwa ba ta kashe shi.

GERO KAƊAI BA YA GINA YARO

Uwargida, wannan sashe naki ne musamman. Rumbu cike da gero yana kashe yunwar babba, amma bai isa ya hana yaro tamowa ba. Cikin yaro ƙarami ne. In kin cika shi da koko mai ruwa-ruwa, ya ƙoshi a ido, jikinsa kuwa bai sami abin gini ba. Don haka rumbun tsimi na kirki ba gero da dawa kaɗai zai ajiye ba, a sa wake, da waken suya, da gyaɗa. Busasshen zogale da kuka da kuɓewa kuma kowace mace ta tanada a ɗakinta, a shanya ganyen a inuwa.

Daga haihuwa zuwa wata 6, nono kaɗai za a ba jariri, ko ruwa ba ya bukata. In ya cika wata 6 a fara ba shi abinci, a ci gaba da nono har shekara 2. Daga wata 6 zuwa 8 ya ci sau 2 ko 3 a yini. Daga wata 9 zuwa shekara 2 ya ci sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A zuba masa a ƙwaryarsa dabam, gama in an haɗa shi da yayyensa a akushi ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun share.

Ga garin kunu mai gina jiki, wanda ake kira Tom Brown. A sami awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne sama-sama, a cire ɓawon waken da na gyaɗar, a haɗa a niƙa. A dama shi da kauri, yadda zai tsaya a cokali. In da hali a ƙara ɗan manja, ko nono, ko garin zogale. Ƙwai da hanta da kifi ba su da wani laifi ga yaro. Maganar da ake yi wai ƙwai na sa yaro sata ba ta da tushe. Mai ciki da mai shayarwa su ma a ƙara musu abinci, kada su zama na ƙarshen ci a gida.

AWON DAMTSE

Ranar buɗe rumbu rana ce da uwaye mata ke taruwa, saboda haka ku gayyaci ma'aikacin lafiya ya zo da tsiri na awon damtse. Ana auna yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, a tsakiyar damtsen hannu. In awon ya nuna kore, watau santimita 12.5 ko fiye, lafiya. In ya nuna rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ta fara, a gyara abinci a kai shi a duba. In ya nuna ja, ƙasa da 11.5, a kai shi asibiti a ranar. Awon ba shi da wuya, uwa ma tana iya koya ta riƙa yi a gida.

Ku kuma danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa, ku ƙirga uku. In wurin ya lotsa ya zauna, wannan kumburi ba ƙiba ba ne, tamowa ce mai tsanani. Ba mayu ba ne, ba iska ba ce, kada a yi masa tsaga ko ƙuna.

Tamowa tana warkewa. Akwai abincin gyaɗa na cikin leda, irin su Plumpy'Nut, wanda aka fito da shi a Faransa a 1996. An haɗa shi da gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. A Nijeriya an fara ba da shi a asibitocin karkara a 2009, a jihohin Gombe da Kebbi. Magani ne na yaron da aka rubuta wa, kada a raba da sauran yara, kada a kai kasuwa. Yaron da ya ƙi cin abinci, ko yake ta amai, ko jikinsa ya saki, shi sai an kwantar da shi. Har wa yau, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin sauro sun zo da damina, ku fito da yaranku kowane wata.

ABIN DA ZA KU YI BANA

Ba a gina rumbun tsimi a watan Agusta, da kaka ake gina shi. Da zarar an fara yankan gero, maigida ya kai maganar wurin mai gari, uwargida ta kai ta wurin ƙungiyar mata. A tara jama'a, a yanke tiya nawa kowane gida zai kawo, da wake nawa, da gyaɗa nawa. A zaɓi masu riƙo, a sayi littafi da kwaɗo. Ko da buhu biyar kuka fara, ku fara. Da sanyin safiya ake kama fara.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya, amin.