Ɗinkin Sallah Daga New Bell Zuwa Turai

Da zarar Sha'aban ya raba, mai yadi a kasuwar Kongo da ke unguwar New Bell a Douala ba masu wucewa ta gaban shago kaɗai yake jira ba. Wayarsa ma shago ce. Saƙon murya ne ke ta shigowa daga Paris da Brussels da Berlin: "Alhaji, barka da kasuwa, akwai gezna ruwan toka? Ta maigida nake so da ta yara uku." Jumia ta naɗe tabarmarta a Kamaru tun Nuwambar 2019, amma cinikin intanet bai bi ta ba. Sai ma ya koma WhatsApp da Facebook da TikTok, inda ake yinsa da baki kamar yadda muka saba: a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama.

Unguwar ba baƙuwar fatauci ba ce. New Bell ta samo asali ne lokacin da Jamusawa suka ƙwace filayen mutanen Douala na bakin kogin Wouri, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya ta zama masaukin baƙi, cikinsu har da Hausawa. Jikokin fatake ne yau suke fatauci da waya.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne lissafin lokaci. Mai saye na gida zai iya zama a shagon tela daren jajibere, ana sa masa maɓalli yana hamma, gari ya waye ya tafi Idi fes. Na Turai ba shi da wannan gatan. Sai an sayi yadi, an yanka, an kai wa mai aikin wuya, a jira idan an ɗauke wuta, a kai bugu, sannan kaya su hau jirgi, su fita hannun 'yan duwan, wato kwastan, su isa garin da mutum yake. Ga shekarar Musulunci tana jan baya da kusan kwana 11: ƙaramar Sallar 2025 a ƙarshen Maris ta faɗo, ta 2026 kuwa wajen 20 ga Maris. A ganina, duk telan da bai rufe karɓar aikin ƙetare ba kafin azumi ya kai goma, rigima yake saya da kuɗinsa. Na taɓa ba wani matafiyi kayan 'yar'uwata, shi kuma ya ɗage tafiyarsa da mako guda. Ranar Sallah tsohon leshinta ta saka, ni kuma na sha magana.

Wannan matafiyin shi ne abin da ake kira mai sayar da kilo: yana da akwati mai kilo 23, sai ya sayar da sararin da ya rage. Ya fi DHL araha nesa ba kusa ba, sai dai babu rasit, babu inda za ka kai kuka. Ƙaramin kaya na ɗan'uwa, to. Kayan mutum goma da suka biya, gara a bi kamfani ko EMS na gidan waya, a kuma gaya wa mai saye tun farko cewa daga 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai tana karɓar harajin VAT a kan duk kayan sayarwa da suka shigo, komai ƙanƙantarsu.

Sai maganar hoto. Shadda tana da ƙarya a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ruwan goro sai ya fito ja. A fito da ita bakin shago da hantsi, a ɗauki bidiyo, a murza ta kusa da waya mai saye ya ji ƙararta. Awo ma haka: a kira da bidiyo, tela yana kallo ana ɗora tef a kafaɗa, don awon bara ba ya aiki a kan wanda ya yi hunturu yana cin burodi da cuku. Abin dariya, ita geznar a Ostiriya ake saƙa ta, ta zo Douala, ta sake komawa Turai. Ke nan ba yadin ake biya ba, hannun telan New Bell ake biya.

Kuɗi bai cika wahala ba ga na Turai, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Dala ce ke hawa da sauka. Kuɗin kan faɗo ta MTN MoMo ko Orange Money, kuma tun Janairun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa. Hoton "na tura" ba kuɗi ba ne. A duba asusu kafin a sa almakashi.

Kilishi kuwa, komai roƙon Hajiya, dokar Turai ta hana shigar da nama ta akwati ko ta ƙunshin gidan waya, kuma idan aka gani ƙwacewa ake yi. Yajin dai a aika mata.

Kwana saba'in bayan ƙaramar Sallah layya ta zo, cinikin kuma sai ya juya: kaya ba sa tafiya, kuɗi ne ke zuwa don a saya wa iyaye rago. Za ka ga yaro a turke ya buɗe bakin rago yana haska haƙoransa da waya, daga can Brussels ana cewa, "Juya min shi in ga bayansa."