Kamfani Ya Sayi Kamfani, Direba Ya Biya Bashi

A ƙarshen watan Yulin 2023 kamfanin dakon kaya na Yellow, ɗaya daga cikin mafiya girma a Amurka, ya tsayar da motocinsa cak, saura shekara ɗaya ya cika ɗari da kafuwa. Ma'aikata kusan 30,000 suka wayi gari babu aiki, 22,000 daga cikinsu 'yan ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, akasarinsu direbobi da masu lodi. Da yawa cikin mutanen nan ba su taɓa neman aiki a Yellow ba. Wasu a Holland aka ɗauke su, kamfanin da aka kafa a jihar Mishigan a 1929. Wasu a New Penn na jihar Fensilbaniya, wasu a Reddaway na Oregon, wasu kuma a Roadway. Suna cikin aikinsu aka saye kamfanonin da su a ciki, aka ɗora wa kamfanonin bashin da aka saye su da shi, ranar da bashin ya kayar da uwar kuma ya haɗa da 'ya'yan.

Direban tirela a Amurka iri biyu ne. Akwai mai dogon zango, wanda ake cika wa mota da kayan mutum ɗaya, ya ratsa jihohi, ya yi mako biyu ko uku yana kwana a gadon da ke bayan kujerarsa. Akwai kuma direban kamfanonin yanki, masu haɗa kayan mutane da yawa a mota ɗaya: wannan ɗan kasuwa kwali goma, wancan injin guda, wani ganga huɗu na fenti. Da rana direbobin cikin gari ke zagayawa suna kwasowa su kai tasha, ana biyansu bisa awa. Da dare a rarraba kayan, direbobin hanya su ja tirela biyu-biyu zuwa wata tashar, ko su haɗu da abokin aiki a tsakiyar hanya su yi musayar tirela kowa ya juya gida, su kuma ana biyansu bisa nisan tafiya. Babu yaron mota. Direba shi kaɗai ke haɗa tirelarsa, shi ke duba taya da birki. Amma yana kwana a gidansa kusan kullum, yana halartar bikin makarantar 'yarsa, yana da fansho. Shi ya sa ake rububin wannan aikin. A manyan kamfanonin dogon zango, an sha ganin shekarar da yawan direbobin da suka bar aiki ya kusa kai yawan direbobin kamfanin baki ɗaya. A kamfanonin yanki kuwa, mutum kan shiga da baƙin gashi ya fita da furfura.

Daga 1935 gwamnatin tarayya ce ke ba da izinin hanya tana kuma amincewa da farashin dako, don haka gasa ba ta da zafi. A 1964 Jimmy Hoffa, shugaban Teamsters, ya ƙulla yarjejeniya ɗaya tak da ta shafi direbobi kimanin 400,000 a faɗin ƙasar. A 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta buɗe kasuwar ga kowa. Farashi ya faɗi, sababbin kamfanonin da ba su da ƙungiyar ƙwadago suka yi ta ɓullowa, tsofaffin suka yi ta mutuwa. Waɗanda suka rage suka ga hanya ɗaya ce: ka haɗiye wani ko a haɗiye ka. FedEx ya sayi American Freightways a 2001. UPS ya sayi Overnite a 2005, ya sayar da shi ga TFI na Kanada a 2021 a kan dala miliyan 800, wato akwai direban da ya sauya riga sau biyu ba tare da ya bar tasharsa ba. XPO ya sayi Con-way a 2015 a kan dala biliyan 3. Knight-Swift ya sayi AAA Cooper a 2021.

Duk waɗannan alƙaluma ne na masu hannun jari. Direba kuwa, idan ya ji an sayi kamfaninsa, tambayarsa ta farko ita ce: ina lambata za ta koma?

A kowace tasha akwai jerin sunayen direbobi bisa ranar da kowa ya kama aiki. Wannan jerin shi ne jarin direba. Lokaci zuwa lokaci ana kafe hanyoyin da ake da su a allo, na ɗaya a jeri ya fara zaɓa, sai na biyu, har a kai wutsiya. Na sama shi ke ɗaukar hanya mai tsawo mai kuɗi wadda ake fita ƙarfe takwas na dare a dawo kafin asuba, daga Litinin zuwa Juma'a. Shi ke fara zaɓar makon hutu. Na ƙasa ba shi da hanya tasa. Waya yake jira, a kira shi tsakar dare ko kada a kira shi sam, in kaya suka ragu kuma shi ake fara sallama. Mutum kan yi shekara goma sha biyar yana hawa wannan tsani a hankali, kuma ba a tafiya da shi wani kamfani.

To, idan kamfanoni biyu suka haɗe, kowannensu yana da tasha a gari ɗaya, dole a rufe ɗaya, don a nan ribar cinikin take. Sai a zo kan jerin sunaye biyu. Ko dai a cuɗa su bisa ranar kama aikin kowa, ko a jera mutanen kamfanin da aka saya a wutsiya kamar jiya suka zo. A ce direba yana lamba 12 cikin mutum 60 a tasharsa. Aka cuɗa su da wata tasha mai tsofaffin ma'aikata, ya koma lamba 45. Albashinsa a takarda bai canja ba, ba wanda ya kore shi, amma hanyar da ya yi shekaru yana bi ta tafi hannun wani, ya koma aikin Asabar da Lahadi. Idan kuma kayan tasharsa aka mayar wani gari mai nisan mil ɗari biyu, sai a ba shi zaɓi: ya bi kayan ya tashi da iyalinsa, ko ya zauna a gida yana jiran kira. A kamfanonin da ke da ƙungiya aƙalla akwai kwamitin da ke zama a kan irin wannan sauyi kafin a aiwatar. Inda babu ƙungiya, abin da sabon maigida ya ce shi ne doka. Mafi munin abin shi ne gabar da hakan ke shukawa tsakanin direbobin kansu. Waɗanda suka ƙulla cinikin suna can hedikwata, waɗanda ke hararar juna a ɗakin shan kofi su ne mutum biyu masu neman hanya ɗaya.

Yellow ya nuna yadda bashi ke gangarowa daga ofis zuwa sitiyari. A 2003, ƙarƙashin shugabancin Bill Zollars, ya sayi babban abokin gasarsa Roadway a kan kusan dala biliyan ɗaya, New Penn kuma ya zo a cikin cinikin. A 2005 ya ƙara da sayen kamfanin USF a kan kusan biliyan ɗaya da rabi, ya samu Holland da Reddaway. Ya sauya suna zuwa YRC Worldwide. Sai dai shekaru suka shuɗe Yellow da Roadway suna aiki daban-daban, motocinsu na bin titi ɗaya suna neman kwastoma ɗaya. Ba a haɗe su ba sai a watan Maris na 2009, a tsakiyar karyewar tattalin arziki, kuma haɗin ya zo da ɓatan kaya da jinkiri, kwastomomi suka gudu. Daga 2007 zuwa 2009 kamfanin ya yi asarar fiye da dala biliyan 2.

Daga nan aka juyo kan ma'aikata. A farkon 2009 suka amince a rage musu kashi 10 cikin ɗari na albashi. Kafin shekarar ta ƙare aka ƙara kashi 5, aka kuma dakatar da zuba musu kuɗin fansho na wata 18. Da aka dawo da zubawa a 2011, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake zubawa a da aka riƙa bayarwa. A 2013, ana cikin wannan tsuke bakin aljihu, sai labari ya fito cewa YRC ya tuntuɓi kamfanin ABF da nufin saye. Direbobi suka fusata, kuma da gaskiyarsu. A watan Janairun 2014 suka fara ƙin tsawaita rangwamen, aka gyara tayin, aka nuna musu cewa ko su yarda ko a rufe, suka yarda har zuwa 2019. Ƙungiyar Teamsters ta ce jimillar abin da mambobinta suka yafe ya haura dala biliyan 5. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Direbobin Holland ne suka fi ba ni tausayi a wannan labari. Kamfaninsu ya yi suna wajen kai kaya washegari a tsakiyar ƙasar, ba shi ya ci bashin ba, amma rangwamen bai tsallake su ba.

A 2020, lokacin annobar korona, gwamnati ta ba kamfanin rancen dala miliyan 700 bisa hujjar cewa yana yi wa sojoji dako, ta karɓi kusan kashi 30 na hannun jarinsa. Daga baya masu sa ido a majalisa suka soki wannan rance. Kamfanin ya koma sunan Yellow, ya fito da shirin narkar da dukkan kamfanoninsa su zama ɗaya. An fara da Reddaway a yamma a 2022. Da aka zo gabas, shirin ya ƙunshi sake cuɗa jerin sunaye da sa wasu direbobin hanya su riƙa sauka suna aikin lodi a tasha. Sean O'Brien, sabon shugaban Teamsters, ya ce an gama yafiya. Yellow ya kai ƙungiyar ƙara yana neman dala miliyan 137. A watan Yulin 2023 ya kasa biyan kusan dala miliyan 50 na asusun lafiya da fansho, ƙungiya ta yi barazanar yajin aiki, masu kaya suka janye cikin 'yan kwanaki. Shugabannin kamfanin sun ce taurin kan ƙungiya ne ya kashe shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don tsarin kamfani huɗu masu tashoshi a gari ɗaya ba zai ɗore ba. Amma gyaran da aka nema a 2023 gyara ne da ya kamata a yi tun shekara ashirin baya, kuma an zo nemansa wajen mutanen da aka riga aka tatsa.

Akwai wani salon saye da ya fi wannan tsiya, wanda kamfanonin zuba jari ke yi: su ci bashi su sayi kamfani, su jingina kadarorin kamfanin da kansa a kan bashin. Haka Sun Capital Partners ya sayi Jevic na jihar Niyu Jasi a 2006 da rancen bankin CIT. A watan Mayun 2008 Jevic ya rufe, ya sallami ma'aikata kimanin 1,800 ba tare da sanarwar kwana 60 da doka ta tanada ba. Direbobi suka kai ƙara suka yi nasara a kan kamfanin, amma da aka zo rabon ɗan abin da ya rage, masu bin bashi suka sasanta a tsakaninsu suka tsallake su. Sai da maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta yanke hukunci a watan Maris na 2017 cewa ba a tsallake haƙƙin ma'aikata a irin wannan rabo ba da yardarsu ba. Shekara tara ke nan bayan an karɓe musu makullan mota.

Ba kowane ciniki ke ƙarewa haka ba. Akwai direbobin da saye ya kawo musu sababbin motoci da ƙarin kaya, musamman inda mai sayen ba shi da tasha a yankin, don haka babu abin rufewa kuma babu jerin da za a cuɗa. AAA Cooper ya ci gaba da aiki da sunansa bayan an saye shi. Duk da haka, wani abu yana canjawa ko da albashi bai taɓu ba. A ƙaramin kamfani, mai raba aiki ya san direba, ya san matarsa ba ta da lafiya, zai iya sauya masa hanya da baki. A babban kamfani kwamfuta ce ke tsara hanya daga wata jiha, na'ura na ƙayyade gudun mota, a wasu kamfanonin har da kyamara mai kallon fuskar direba. Abin lura kuma shi ne Old Dominion, wanda ake yawan kawo misalinsa a matsayin mafi riba a wannan sana'a, ya girma ne galibi ta hanyar gina tashoshinsa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatansa ba su da ƙungiya, wannan gaskiya ne, amma kuma ba a taɓa ɗora musu bashi irin na Yellow ba.

A watan Disamban 2023 aka yi gwanjon tashoshin Yellow. Zagaye na farko kaɗai, tashoshi kusan 130 suka kawo wajen dala biliyan 1.9. XPO ya ɗauki 28 a kan miliyan 870, Estes da Saia da Knight-Swift suka kwashi nasu. A farkon 2024 aka biya gwamnati rancenta har da kuɗin ruwa, manyan masu bin bashi masu jingina su ma suka karɓi nasu. Fanshon tsofaffin direbobi da yawa ya tsira ne ta wata hanya dabam, saboda tallafin kusan dala biliyan 36 da gwamnati ta ba asusun fansho na Central States a ƙarshen 2022, wato da kuɗin masu biyan haraji. Manyan kamfanonin da suka sayi tashoshin kuwa gini da fili suka saya, babu yarjejeniyar ƙungiya a ciki, babu jerin sunaye. Direban Holland mai shekara ashirin da biyar a kan hanya yana iya komawa tashar da ya saba, ya cika takardar neman aiki, a ɗauke shi don ana bukatar gwaninta irin tasa, sannan a rubuta sunansa a ƙasan jeri, bayan yaron da ya samu lasisi bara.